Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kaduna Da Shugabannin Jami'o'inmu: Ina Za A Kai 'Yan Bayokem?

Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna,
Mai Girma Kwamishinan Ilimi,
Iyayenmu shugabannin jami'o'in da ke jihar nan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya ɗawainiyar jama'a? Allah Ya taya ku riƙo, Ya ba ku mashawarta nagari.

Ni malamin Kemistiri ne a wata sakandare mai zaman kanta a Rigasa, bana shekarata bakwai da alli a hannu. Digirina na Bayokemistiri ne, ilimin sinadaran da ke aiki a jikin mai rai, wanda ɗalibai ke gajartawa su ce Bayokem. Ba da yawuna ni kaɗai nake magana ba. Akwai abokan karatuna da muke zaure ɗaya a WhatsApp, akwai ƙannenmu da ke aji biyu da aji uku yanzu haka, akwai kuma iyayen da suka sayar da ɗan abin hannunsu suka biya mana. Da na ce zan rubuta, kowa ya jefo nasa. Na tattara, na rage wa wasu zafi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani baƙo da na yi ranar Asabar ɗin da ta wuce. Dattijo ne mai walda a Fanteka, mahaifin wata ɗalibata da ta fi kowa ƙoƙari a ajinta. Ya zauna kan tabarma, ya zaro takardar gurbin karatu daga aljihun gaba, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Malam, an ce yarinyar nan ta samu, amma wai ba likitanci ba, Bayo-wani-abu. Likita ce ko ba likita ba ce?"

Na ce, "Baba, ba likita ba ce."

"To mai haɗa magani?"

"A'a, Baba."

"Mai gwajin jini a asibiti fa?"

Nan na yi shiru, domin ni ma tambayar da mahaifina ya yi ke nan lokacin da tawa takardar ta fito, aka ce masa e. Sai bayan na gama bautar ƙasa muka gane amsar a'a ce.

Kukanmu na farko ke nan: babu mai faɗa wa yaro gaskiya kafin ya shiga. Ku shiga kowane ajin Bayokem ku tambaya, mafi yawa za su ce likitanci ko haɗa magunguna suka cike a fom ɗin JAMB. Darussan jarabawar iri ɗaya ne, Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fizis, sai maki ya gaza kaɗan ko gurbi ya cika, a turo yaro nan. A gida a ce masa, "Karɓi kawai, da hanau gara mannau, in ka shiga aji biyu sai ka canza." Wannan canji, a duk ajinmu mutum ɗaya na san ya same shi. Sauran suka yi shekara biyu jiki a aji, zuciya a wani wuri, suna sake zana JAMB a ɓoye. Kwas ɗin kuwa ba ya son rabin zuciya. Matakai goma da sukari ke bi yayin da ƙwayar halitta ke fara tatsar ƙarfi daga gare shi, kowanne da enzayim ɗinsa, wato sinadarin da ke hanzarta aikin, sai ka haddace su kamar karatun allo, ka zarce zagayen Krebs, wato matakan da ke biye wajen tatsar ƙarfin, ka shiga yadda hanta ke sarrafa mai da guba. Wanda bai san abin da zai yi da wannan ilimi ba, haddar jarabawa kawai yake yi, ranar da ya ajiye biro ranar ya manta.

Abu na biyu, kuma a nan zan ɗan daɗe, shi ne ɗakin gwaje-gwaje. Ba zan ambaci jami'ar da na yi ba, tunda da muka haɗa labarai da waɗanda suka yi wasu makarantun, sai muka ga kusan kanwar ja ce.

Ranar da aka ce za mu auna yawan furotin a ruwan jini, mu goma sha takwas muka kewaye tebur ɗaya, kowa da farar rigarsa fes, wasu har da karin guga. Na'urar da ke auna kaurin launi tana can gefe, an lulluɓe ta da leda kamar sabuwar talabijin a ɗakin amarya. Babu wuta, janareta babu mai. Ma'aikacin ɗakin, dattijo mai kirki da ya san aikinsa ciki da bai, ya buɗe wani tsohon littafi, ya kwafe mana a allo lambobin da 'yan shekara uku baya suka samu, ya ce mu zana jadawali mu kawo rahoto ranar Litinin. Na ci maki 8 cikin 10 a gwajin da ban yi ba.

Furojet ɗin aji huɗu, wato binciken kammala digiri, shi ma labarinsa ɗaya. Mu yi karo-karo mu sayi fararen ɓeraye, mu saka musu ciwon sukari da allura, mu jiƙa ganyen zogale ko darbejiya ko shuwaka mu ɗura musu, mu yanka, mu zuba jini a kula da ƙanƙara, mu hau mota mu kai wani wurin a gwada mana da kuɗinmu. Wata abokiyar karatunmu ta ajiye sinadaran gwajinta a firjin sashe, wuta ta ɗauke kwana huɗu, komai ya lalace. Ta zauna a bakin baranda tana kuka, kuɗin akuyar mahaifiyarta ne. Ban raina binciken ganyayyakinmu ba, daga irinsa ne cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta fitar da maganin sikila na Niprisan. Amma idan ɗalibai ɗari suka yi abu ɗaya shekara goma a jere, kuma babu wanda ya taɓa ware sinadarin da ke aikin a cikin ganyen saboda babu na'ura, wannan ya tashi daga bincike, ya koma cika sharaɗi.

Sakamakon na gan shi da idona. Wani kamfanin kayan abinci ya kira mu ganawar ɗaukar aiki. Matar da ke kula da ingancin kaya ba ta ko dubi takarduna ba, ta miƙo mini ɗan bututun awon ruwa na zamani, ta ce in ɗebo mata maikurolita 50, wato kamar ɗigo ɗaya. Na riƙe shi kamar biro. Ta yi murmushi, ta ce, "Ba laifinka ba ne, kai ne na shida yau." Ba a kira ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Mun san asusun TETFund yana gina wa jami'o'i gine-gine yana sayen na'urori, muna gani a hanya, fenti sai sheƙi. Sai dai na'ura ba ta aiki da fenti. Tana son wuta mai ɗorewa, tana son sinadaran da ake saye duk zango, tana son ma'aikacin da aka horar kuma ake biyansa ya zauna. Waɗannan su ne ba sa fitowa a hoton bikin buɗewa, su ne kuma ake mantawa da su a kasafi.

Na uku, horon sanin makamar aiki, SIWES, da ɗalibai ke kira IT. Wata shida ne, kuma da an yi shi yadda ya kamata da ya toshe rabin ramin da na ambata. Abin da ke faruwa shi ne a miƙa wa yaro wasiƙa a ce ya je ya nemo wuri. Mai uwa a gindin murhu ya samu, marar gata ya zaga Kakuri da Kudenda a ƙafa ana ce masa an cika. Daga ƙarshe ya sami wani ƙaramin ɗakin gwajin jini a unguwa, ya yi wata shida yana shara da rubuta sunayen marasa lafiya, a buga masa hatimi a littafi, shi ke nan.

Sai ƙofar asibiti. Dokar da ta kafa MLSCN, hukumar kula da masu gwaje-gwajen asibiti, a 2003 ta keɓe aikin gwaje-gwajen asibiti ga wanda ke da rajista da lasisinta, kuma hanyar samunsa ita ce digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, mai shekara biyar. Ɗan Bayokem mai shekara huɗu ba ya ciki. Ban zo in yi faɗa da wannan doka ba, jinin mutum ba abin wasa ba ne, kuma masu wancan digirin sun sha horon da mu ba mu sha ba. Abin da ke ci mini rai shi ne tun 2003 dokar take, amma har yau akwai yaron da sai ya gama bautar ƙasa, ya kai takardunsa asibiti, sannan wani akawu zai faɗa masa ta taga. Haka aka yi mini. Na dawo gida da fayil a hammata, na rasa da wane baki zan gaya wa mahaifina.

To ina ake zuwa da wannan digiri? Hanyoyin suna nan, ba a dai nuna su. Akwai kula da ingancin kaya a kamfanonin abinci da abin sha da magani da abincin kaji. Akwai hukumomi irin su NAFDAC, wadda ke da ɗakin gwaji a nan Kaduna, da SON mai kula da ingancin kayayyaki. Akwai cibiyoyin bincike. Akwai hukumar IPAN da ke ba da lasisin zama mai tantance abinci da ruwa da magani bayan an ci jarabawarta, kuma ɗan Bayokem yana da damar shiga, amma wallahi sai da na yi shekara uku da gamawa na fara jin sunanta. Wasu jami'o'i suna karɓar mai digiri mai kyau ya shiga likitanci daga aji biyu, in yana da ƙarfin sake zama. Akwai digiri na biyu da na uku ga mai son koyarwa a jami'a. Akwai kamfanonin giya, da suke cikin masu ɗaukar irinmu, sai dai da yawanmu ba za mu taka can ba saboda addini, wannan kuma ba laifin kowa ba ne. A zahiri kuwa, cikin 'yan ajinmu waɗanda ke aikin da ya shafi abin da suka karanta ba su cika yatsun hannu biyu ba. Saura muna koyarwa, wasu suna tallan magani daga kemis zuwa kemis, wasu POS, wasu ɗinki. Duk halal ne, amma ba don su aka haddace zagayen Krebs ba.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi ba ni takaici shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Da a wata jiha ce da sai in ce babu aikin, amma ba Kaduna ba.

Mu ne kan gaba wajen noman citta a Najeriya. A 2023 wata cutar fumfuna ta bi gonakin Kachia da Jaba da Kagarko ta ruɓar da ita, manoma suka tafka asara, farashi ya yi tashin gwauron zabo har a tukunyar mai shayi. Ko a shekarar albarka ma, busasshiya muke lodawa a buhu mu kai tashar jirgin ruwa, can a ƙetare a tatse manta da sinadarin da ke ba ta yaji, a ci ribar da ta ninka tamu. Tatsar nan da auna ingancinta aikin ɗan Bayokem ne.

Masararmu ta Saminaka da Giwa da Soba tana ciyar da sassa da dama na ƙasar nan. Idan aka zuba ta a rumbu da sauran danshi, ita da gyaɗa, wata fumfuna tana kama su ta haifar da guba mai suna afulatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta. Tana taruwa ta jawo kansar hanta, tana tsumburar da yara, idan saniya ta ci kuma tana fitowa a nono. Babban kamfani yana gwada abin da zai saya, ya mayar da motar da ba ta yi masa ba. Motar da aka mayar ɗin fa, ina take zuwa? Kasuwarmu, tuwonmu da kununmu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari, irin fiya-fiyar nan da ake yayyafawa a buhu. Bature ya gwada ya ƙi, mu muka ci gaba da yin ƙosai da alala da shi. A 2008 wani maganin haƙorin yara da aka haɗa da sinadari mai guba ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan, kuma Zariya na cikin wuraren da aka ga abin. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a maƙwabciyarmu Zamfara. Duk waɗannan abubuwa ne da gwaji ke kamawa kafin a kai ga makabarta.

Bari in faɗi wani abu da ban so faɗa ba. Lokacin da nake zaman kashe wando, wani mai kamfanin fiya wata ya aiko a kira ni. Na sa sabuwar shadda na tafi da murna. Ashe ba aiki zai ba ni ba, takardata yake so. Ƙa'ida ta ce sai kamfanin ruwa yana da wanda ya karanci kimiyya yana kula da aikin, shi kuwa so yake ya rataye kwafin digirina a bango, duk wata ya turo mini ɗan abin sayen kati, ranar da masu duba aiki za su zo in sa farar riga in tsaya. Na leƙa ɗakin da ya kira lab, babu komai sai tebur da bokiti biyu. Na ƙi, ba don na fi kowa tsoron Allah ba, sai don a unguwarmu ake shan ruwan. Na san waɗanda suka karɓa, kuma ba zan zage su ba, yunwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce.

Kuma ba a ce jihar nan ba ta san darajar wannan ilimi ba. Marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok ɗan jihar nan ne, ɗan Bayokem ne a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya yi shekaru yana bin diddigin ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai jawo sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane. Ƙwayar tana fitar da wani enzayim da ke kankare wani sinadari daga bayan jajayen ƙwayoyin jini, sai jiki ya ɗauke su a matsayin lalatattu ya hallaka su, dabba ta rame jini ya ƙare. Aikinsa a kan wannan enzayim ya ba shi kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009. Ya riƙe kwamishinan lafiya, sannan na ilimi a jihar nan, har ya rasu a 2017. Cibiyar binciken sammore ta ƙasa, NITR, a cikin garin Kaduna take tun zamanin Turawa. A Zariya ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru, ga ta kiwon dabbobi NAPRI a Shika, ga ta fasahar sinadarai NARICT a Basawa. Ga masana'antar abincin kaji ta Olam a kan hanyar Abuja da aka buɗe a 2017, ga gonar madara ta Arla a Damau. Jihohi nawa ne za su lissafa irin wannan? Amma ɗalibin aji uku yana yawo da wasiƙar IT a hannu kamar mai bara.

Ba mu manta da alheri ba. Ragin kashi 30 cikin 100 na kuɗin makaranta da aka yi wa ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, a 2023 ya mayar da yara da dama aji, mun gode. Mun kuma san ABU ta tarayya ce, dokar lasisi ma a Abuja take. Don haka roƙonmu ya tsaya kan abin da hannunku zai kai.

Muna roƙon ma'aikatar ilimi ta sa a riƙa yi wa 'yan aji uku na babbar sakandare bayani kafin a fara sayar da fom ɗin JAMB, da Hausa da Turanci, har a rediyo don iyaye su ji: wannan kwas ga inda yake kaiwa, ga ƙofar da ba ya buɗewa. Jami'o'i kuma su faɗa wa sabon ɗalibi maganar lasisin asibiti da ta IPAN a makon farko, a rubuce. Wannan ba ya cin ko sisi.

Muna roƙon shugabannin jami'o'i kada su ɗauki ɗalibai fiye da abin da teburan gwajinsu za su ɗauka. A ware kuɗin sinadarai a kasafi da sunansa, ta yadda ba za a karkatar da shi ba, a sa wa ɗakunan gwaji da firjinsu sola ko da ofisoshi za su jira. Sabon tsarin manhaja da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. A cika wannan gurbi da abin da ke gabanmu: gwajin hatsi da ruwa da madara, tatsar man citta, ƙa'idojin ingancin kaya, da sarrafa bayanan ƙwayoyin gado a kwamfuta. Kada kuma a yaye ɗalibi sai wani ya tsaya a kansa ya ga ya haɗa sinadari, ya auna, ya fitar da sakamako da hannunsa.

Muna roƙon gwamnati ta zaunar da cibiyoyin binciken nan da kamfanonin da ta ba fili da sauƙin haraji, a amince da adadin ɗaliban IT da kowanne zai ɗauka duk shekara, makaranta ce za ta tura, ba yaro ya bi ƙofa-ƙofa ba.

Babban roƙonmu shi ne jiha ta kafa ɗakin gwajin abinci da ruwa nata na kanta, mai cikakken izini, da ƙananan rassa a Saminaka da Kachia da Zariya, inda manomi da ɗan kasuwa da mai fiya wata za su kai kaya a gwada da kuɗi kaɗan a ba su takarda. A ɗauki masu digirin da ke zaune, a ba su horon shekara ɗaya da ɗan alawus, wanda ya ƙware a riƙe shi, saura su fita da takardar shaidar da kamfani zai yarda da ita. Masu duba kamfanonin ruwa kuma su daina wadatuwa da takardar bango, su ce wa mai farar rigar ya yi gwajin a gabansu. Sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai su ma muna roƙon a yi musu magana, su nemi a samar da gajeriyar hanya mai tsari da jarabawa ga ɗan Bayokem da ke son komawa aikin gwajin asibiti, maimakon ya faro daga tushe.

Idan Mai Girma Kwamishina yana son ganin abin da idonsa, ba sai an yi shelar zuwansa ba. Ya zaɓi kowace jami'a, ya shiga ranar furaktikal ɗin 'yan aji uku, ya ƙirga kawuna ya ƙirga bututun awo.

Ita ɗalibar tawa ta karɓi gurbin, ta fara rajista. Na zaunar da ita da mahaifinta na faɗa musu duk abin da na rubuta a nan, ban rage komai ba. Dattijon ya naɗe takardarsa ya mayar aljihu, ya ce in ta kai lokacin IT zai dawo in samo mata wuri. Na ce Allah Ya kai mu. Saura shekara biyu da 'yan watanni.

Ku huta lafiya.

Naku,
Malamin Kemistiri daga Rigasa,
a madadin tsofaffi da sababbin ɗaliban Bayokem na jihar Kaduna.